Rina Gashi a Gida ko a Kwafer: Hukuncinsa da Haɗarin Sibgar Dutse

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a cikin tambayoyin da ke zuwa mana daga ɓangaren mata bayan karatun Risala, akwai wadda ta yi ta maimaituwa har na ga ya dace a rubuta amsarta a wuri guda. Ta baya-bayan nan wata baiwar Allah ce ta aiko da ita a takarda, tana cewa: "Allah gafarta Malam, furfura ta fito mini, maigida kuma yana son in rufe ta. 'Yata ta ce in shirya mu tafi kwafer a Sinnar. Maƙwabciyata kuma ta ce ai ga sibga nan a kasuwa da araha, ta zo ta shafa mini a tsakar gida. Wanne ne shari'a ta fi so?"

Amsa a taƙaice ita ce, shari'a ba ta rataya hukuncin rini a kan wurin da aka yi shi ba. Abin da take dubawa huɗu ne: mene ne aka shafa, don me aka shafa, wa ya shafa kuma a gaban wa, sannan yaya aka yi da salla. Gida yana da nasa alheri da nasa haɗari, kwafer ma haka. Wannan shi ne abin da za mu warware da yardar Allah.

Al'adu biyu da muka gada

Mu Hausawan da ke zaune a ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu mun gaji al'adu biyu a kan ado. Wasu daga cikin kakanninmu hanyar Hajji ce ta ajiye su a nan. Wasu sun biyo hijirar da ta auku bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya iso da jama'arsa har suka kafa garin Mai Wurno a kudu da Sinnar. Wasu kuma noman auduga ne ya kawo su bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Iyayenmu mata sun zo da ƙunshi irin na gida: a daka ganyen lalle, a kwaɓa, a ƙunsa hannu da ƙafa a kwana da shi, kitso kuma a shafa masa shuni. Sai suka tarar da mutanen ƙasar nan da tasu al'adar lalle mai ƙarfi, wadda har ango ana yi wa daren lalle, da hannana mai zanen hannu, da son launin da ya yi baƙi wuluk.

Son wannan baƙin ne ya buɗe wa sibga ƙofa. Daga baya kuma shagunan gyaran gashin mata, waɗanda a nan muke kira kwafer, 'yan'uwanmu na Kano da Maraɗi kuma suke cewa salun, suka yawaita a Madani da Sinnar da Sinja da Damazin, har amaryar ƙauye ta zama ba ta ganin bikinta ya cika sai an kai ta birni.

Asalin rina furfura a Sunna

Rina furfura abu ne da ya tabbata. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya faɗa cewa Yahudu da Nasara ba su rini, ya kuma yi umarni a saɓa musu. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa ranar buɗe Makka an zo da Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa sun yi fari fat, sai Annabi ya yi umarni a sauya wannan farin da wani abu, amma a nisanci baƙi. A hadisin Abu Zarri da ma'abota Sunan suka ruwaito, an bayyana cewa mafi kyawun abin da ake sauya furfura da shi shi ne lalle da katam. Katam wani tsiro ne da ke fitowa a duwatsun Yaman, idan aka gauraya shi da lalle sai launin ya fito tsakanin ja da baƙi. Anas ɗan Malik ya ba da labarin cewa Abubakar yana rini da lalle da katam, Umar kuma da lalle zalla.

Duk da haka, jumhurun malamai ba su ɗauki umarnin a matsayin wajibi ba, domin an samu manyan sahabbai da suka bar furfurarsu yadda take, irin su Sayyidina Ali da Ubayyu ɗan Ka'abu. Saboda haka dattijon da ya rina gemunsa da lalle kada ya raina wanda ya bari, wanda ya bari kuma kada ya yi wa mai jan gemu dariya. Abin da aka hana a fili shi ne tsige furfura, domin hadisi ya siffanta ta da cewa haske ce ga Musulmi. Hukuncin mace a nan ɗaya ne da na namiji, sai ma dai ita tana da ƙarin lada idan ta yi don kyautata wa mijinta.

Maganar baƙin rini

A nan ne malamai suka yi saɓani. Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, ya bayyana a Muwaɗɗa cewa bai ji wani abu tabbatacce a kan rini da baƙi ba, amma wani launin daban ya fi soyuwa a gare shi. A kan haka Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya tafi a Risala, inda ya sanya baƙin rini a makaruhi ba haramun ba, ya kuma ce babu laifi a lalle da katam. Wannan ita ce fatawar da muka tashi a kanta a makarantun zaurenmu. Imamu Nawawi daga Shafi'iyya ya rinjayar da haramci, yana kafa hujja da hadisin Abu Ƙuhafa. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya sauƙaƙa ga namijin da ya yi don ya yi wa matarsa ado. An kuma ruwaito cewa wasu daga cikin magabata sun yi rini da baƙi.

To amma akwai wurin da duka suka haɗu: idan an yi baƙin rini don yaudara, haramun ne babu saɓani. Dattijon da ya doshi saba'in ya rina kai da gemu baƙi ƙirin ya tafi neman auren yarinya don a ɗauke shi ɗan arba'in, ko bazawarar da aka rufe wa furfura don kada manemi ya san shekarunta, duka sun faɗa cikin algushun da Annabi ya ce mai yin sa ba ya cikinmu. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Gashi yana tsirowa kusan santimita ɗaya a wata, kafin mako uku farin ya leƙo daga tushe, a wayi gari aminci ya gushe daga gidan tun ba a je ko'ina ba.

Abin da nake zaɓar wa 'yan'uwa shi ne a fita daga saɓani: a yi ja, ko ruwan ƙasa, ko launi mai duhu wanda bai kai baƙi zalla ba.

Me ke cikin kwanon?

Malaman da suka ce baƙin rini makaruhi ne kawai, suna magana ne a kan launi, a zamanin da ake samo rini daga ganyaye. Ba su yi magana a kan sinadarin da ke kashe mutum ba. Saboda haka wajibi ne mu san abin da ake kwaɓawa kafin mu ɗora masa hukunci. Abin da ke hannun mutanenmu iri uku ne.

Na farko lalle tsantsa, irin wanda ake nomawa a Damar da sauran wurare, ko wanda ke tsaye a bayan ɗakunanmu. Garinsa kore ne, yana ƙanshin busasshen ganye. Yana buƙatar awanni kafin ya kama, yana farawa da ruwan lemo, sannan ya nuna ya koma ja mai duhu cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi wannan ba ya cutar da mafi yawan mutane. Sai dai likitoci sun yi gargaɗi a kan shafa shi ga jarirai, domin akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari na jini da ake kira G6PD, kuma lalle yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini.

Na biyu rinin kwali na kamfani, wanda ke zuwa da kwalba biyu a haɗa. Ɗaya tana ɗauke da launi da amoniya mai buɗe jikin gashi, ɗayar kuma ruwan oksijin ne da ke cinye launin asali ya kuma sa sabon ya kama. Yawancin masu duhu a cikinsu suna ɗauke da wani sinadari mai suna farafenilin-dayamin, wanda likitoci ke taƙaitawa da PPD, amma da awo. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba bayan an haɗa, kuma ba a yarda a yi zane da shi a fata ba.

Na uku ita ce sibgar dutse, wadda ake sayarwa dunƙule-dunƙule ko gari a ƙulle a leda, babu suna, babu awo, babu takardar gargaɗi. Ita wannan kusan PPD ce zalla. Ita ce ake dakawa a zuba a lalle don ya yi baƙi cikin ɗan lokaci, ita ce kuma asalin abin da ake kira baƙin lalle, wanda a Kano ake cewa dayis. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce: duk lallen da ya ba da baƙi wuluk cikin ƙasa da awa ɗaya, ba ganye kaɗai ba ne a cikinsa.

Cutar sibga iri biyu ce. A fata tana iya jawo ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa da kumburin fuska, kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙin ta, yawanci ya ƙi ta ke nan har ƙarshen rayuwa, kowane shafi na gaba yana iya fin na baya muni. Idan kuwa ta shiga ciki, cikin 'yan awanni harshe da wuya suke kumbura har numfashi ya toshe, naman jiki ya lalace, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ƙoda ta tsaya. Babu wani magani da ke karya wannan dafin. Abin da likita yake yi shi ne ya huda maƙogwaro ya sa bututu don mutum ya samu numfashi, ya yi ƙarin ruwa, ya yi wankin ƙoda idan ta kama.

Likitocin yara a Khartum sun wallafa rahoto a 1992 a kan yara 31 da aka kwantar tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar haɗin lalle da wannan sinadari. Dukkansu sun zo da kumburi mai tsanani. Sai da aka huda wa 15 maƙogwaro, 5 ƙodarsu ta tsaya, 13 kuma suka rasu, dukkansu cikin awa 24 da kawo su. An san irin wannan musiba a Maroko da Indiya ma.

Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara, kuma ƙa'ida ce tabbatacciya a shari'a cewa ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. Saboda haka fahimtata ita ce: amfani da sibgar dutse bai halatta ba, a gida ne ko a kwafer, a gashi ne ko a fata, kuma dalilin shi ne cutarwarta, ko da mutum yana bin ra'ayin masu sauƙaƙawa a baƙin launi. Ɗan kasuwan da ya san abin da take yi, yake kuma ƙulla ta a leda yana miƙa wa duk yarinyar da aka aiko, ya ji tsoron Allah.

Rini a gida

Alherin gida a fili yake. Mace tana cikin suturarta, a hannun 'yar'uwarta ko 'yarta, babu kuɗin mota, babu baƙon ido, kuma ita ke zaɓar lokacin da ba zai ci mata salla ba. Ga mai amfani da lalle tsantsa, ban ga wurin da ya fi gida ba.

Haɗarinsa kuma shi ne gida ne ke da yara. Shekaru da dama da suka wuce, a wani ƙauye na bakin tur'a da na zauna ina karantarwa, ana shirin biki aka jiƙa sibga a kofin shayi aka tura ƙarƙashin angarib. Wani yaro ɗan shekara uku ya ɗauka ya kurɓa. Da bakinsa ya fara kumbura sai mata suka ɗura masa madara, aka aiko a kira ni in yi masa addu'a. Ina faɗar wannan ne don ya zama darasi a kaina kafin kowa: na zauna ina tofi kusan rabin awa, ban tambayi abin da ya sha ba, sai da na ji numfashinsa ya fara ƙara kamar ana busa kara. Nan ne kakarsa ta ce, "Malam, ko dai sibgar nan ce?" Muka samu motar ɗaukar auduga muka nufi Madani. Allah Ya yi da sauran kwanansa, aka huda masa maƙogwaro ya rayu. Yau magidanci ne, tabon yana nan a wuyansa, kuma duk ranar da muka gaisa sai na tuna wannan rabin awa. Addu'a gaskiya ce, amma wanda ya koya mana addu'a shi ne ya umarce mu da neman magani.

A wancan lokaci hanya a buɗe take, asibiti yana aiki. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Madani da Sinja suka shiga halin da kowa ya sani, asibitoci da yawa sun lalace, likitoci sun watse, kuma har yanzu ba kowane wuri ne ya koma yadda yake ba. Mai zaune a ƙauyen da ke nesa da kwalta ya tambayi kansa awa nawa zai ɗauka kafin ya kai yaro wurin mai iya huda maƙogwaro. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: an sha samun waɗanda baƙin ciki ya rufe wa ido suka cutar da kansu da wannan abu, domin yana kusa da hannu. Gidan da ke da mai damuwa, ko amaryar da aka tilasta, ko matashin da ya yanke ƙauna, bai kamata a kwana da sibga a cikinsa ba, kuma a jawo irin waɗannan a jiki a saurare su.

Wadda za ta yi amfani da rinin kwali a gida ta kiyaye waɗannan:

Ta gwada ɗan kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu ta jira awa 48, ko da ta saba amfani da shi. Idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, ta bar shi.

Ta sa safar hannu, ta yi a wuri mai iska, kada ta wuce mintocin da aka rubuta da tunanin zai fi kamawa.

Kada ta shafa a gira ko gashin ido, kada ta shafa a kan da ke da rauni ko ƙuraje, kada kuma ta haɗa shi rana ɗaya da man miƙar da gashi.

Kada a kwaɓa a kofi ko kwanon abinci. Abin da ya rage a zubar nan take inda yaro ko dabba ba za su kai ba.

Kada a yi wa yara. Kamfanonin da kansu suna rubuta cewa ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne.

Rini a kwafer

Mai kwafer da ta san aikinta ta fi maƙwabciya sanin awo da lokaci da yadda launi zai zauna daidai, kuma gubar ba ta shigo gida ba. Sana'a ce halal, kuma mata da yawa da yaƙi ya raba da gidajensu da ita suke ciyar da marayu. Zuwa wurinta ya halatta da sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko, mata ne kaɗai ke aiki kuma maza ba sa shiga. Bai halatta namijin da ba muharrami ba ya ga gashin mace, balle ya taɓa shi, ko da an ce shi ne gwani.

Na biyu, a kiyaye waya. Annabi ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace kamar yana ganinta, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud. To ina ga ɗaukar hoton kan amarya a buɗe a sa a Facebook ko TikTok don tallar shago? 'Yar'uwa, ki faɗa tun kafin ki cire mayafi cewa ba ki yarda da hoto ba.

Na uku, ki ga abin da za a shafa miki da idonki. Kwafer ba ta mayar da sibgar dutse halal. Wasu suna zuba ta a lalle ko a rinin kwali don aiki ya yi sauri launi ya yi ƙarfi, wasu kuma suna ƙara nashadir wanda ke iya ƙona fata. Ki nemi a buɗe kwalin a gabanki, ki duba ranar lalacewarsa, ki faɗa mata idan kin taɓa yin baƙin lalle ya yi miki ƙuraje, ko akwai tsohon lalle a gashinki. Wadda ta ji haushin tambaya, ki tashi ki bar mata shagonta. Araha ba ta ado, tsada kuma ba ita ce shaidar inganci ba.

Na huɗu, kada rini ya ja ki zuwa abin da aka haramta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mata ta nemi izini ta ƙara wa 'yarta amarya gashi domin ciwo ya zubar mata da nata, Annabi bai yarda ba, ya kuma ambaci la'ana a kan mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. Haka nan tsige gira.

Na biyar, da sanin miji ko waliyyi, kuma ba da kuɗin da ya kamata a sayi dawa da shi ba. Adon da aka yi a kwafer kuma na cikin gida ne, a fito da shi a rufe.

Hannana da mai kwafer su ma su san amana ce a wuyansu. Wadda ta ɓoye wa mace abin da ta zuba a kwano har ya cutar da ita, ta yi ha'inci, kuma a shari'a mai sana'ar da ya yi sakaci yana lamunce ɓarnar da ya jawo. Su kuma tausaya wa kansu, domin hannun da ke cikin sibga kullum shi ne farkon cutuwa.

Alwala, wanka da salla

Launin da ya rage a gashi ko a fata bayan an wanke, ba ya hana alwala ko wanka, na lalle ne ko na kwali, domin launi ba shi da jiki da zai tare ruwa. Abin da ke tarewa shi ne kwaɓin da ke kan gashi kafin a wanke. A mazhabar Malik shafar kai gaba ɗaya farilla ce a alwala, kuma ba a shafa a kan kwaɓin lalle sai in don magani aka ɗora shi bisa lalura. Wasu malaman Hambaliyya sun sauƙaƙa a alwala, amma a wankan janaba ko na haila dole ruwa ya kai ga fatar kai.

Mafita mai sauƙi ce. Ki yi alwala kafin a shafa, matuƙar ba ta karye ba kina iya salla da lalle a kanki, domin shi mai tsarki ne. Ko ki zaɓi bayan Asuba ko bayan Isha'i, inda lokaci ke da faɗi. Ko ki yi a kwanakin da ba ki salla, domin maganar da ake yaɗawa cewa mai haila ba ta lalle ba ta da tushe. Rini kuma ba ya karya azumi.

Abin da ke damuna shi ne amaren da ake kaiwa kwafer da hantsi, a dawo da su bayan Magariba, Azahar da La'asar sun tafi, a ce kada ruwa ya ɓata ado. Babu malamin da ya ba da wannan rangwame. Gidan da ake fatan albarkarsa ba a buɗe shi da barin salla. Iyaye mata da ƙawaye su tsara ranar yadda amarya za ta yi sallolinta a kan lokaci.

Lokutan da ake barin rini

Mai takaba ba ta rini kuma ba ta lalle har ta cika wata 4 da kwana 10, ko ta haihu idan tana da ciki, domin hadisin Ummu Salama ya ambaci lalle cikin abin da za ta nisanta. Mai harami da Hajji ko Umara shi ma ya bari, domin a mazhabarmu wanda ya rina kansa ko gemunsa da lalle yana cikin harami, fidiya ta hau kansa.

Kalma ga maza da samari

Dattawa da yawa suna zuwa wurin mai aski a shafa musu baƙi a gemu da gashin baki, ba su tambayar ko mene ne. Wannan wuri ne da ke dab da leɓe da hanci, haɗarinsa ya fi na kai. Lalle ya ishe mu, shi ne na Abubakar da Umar. Samarin da ke rina gashi rawaya ko fari don kwaikwayon 'yan ƙwallo kuma su sani, asalin launin ba haramun ba ne, amma idan aka haɗa shi da aske wani sashe na kai a bar wani, an faɗa cikin abin da hadisin Ibnu Umar ya hana, kuma Musulmi ba ya neman adon da zai sa a riƙa nuna shi da yatsa a cikin jama'arsa.

Idan haɗari ya auku

Idan bayan shafi aka ji zafi mai tsanani ko fuska ta fara kumbura, a wanke nan take da ruwa mai yawa a nemi likita. Idan wani ya sha, ko aka ga leɓe da harshe suna kumbura, murya ta shaƙe, ko fitsari ya yi baƙi, kada a tsaya ba da madara, kada a sa shi amai, kada a jira gari ya waye. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa da ke da ɗakin tiyata, a tafi da ragowar abin, a faɗa wa likita gaskiya ba tare da jin kunya ba. A yi addu'ar a cikin mota.

Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya, amsarki ita ce: ki rufe furfurarki, kina da lada in sha Allahu. Idan lalle tsantsa ne, ki yi a ɗakinki, 'yarki ta shafa miki. Idan rinin kwali kike so, ki gwada shi awa 48, ki yi a gida da kiyayewa ko ki je kwafer ta mata zalla da kika amince da ita. Maƙwabciyarki kuma ki gode mata, ki gaya mata ta fitar da sibgar nan daga gidanta, kada garin gyaran gira a rasa ido. Ina kuma roƙon limamai da malaman Islamiyya su karanta wa mata wannan bayani, musamman a lokutan bukukuwa da gabanin Salla.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, Ya sa furfurarmu ta zama haske a gare mu ranar alƙiyama. Wallahu A'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.